Guntun Mai Zuma

Jiya da hantsi mai ɗakina tana haɗa kayan kunu, sai ƙwayar kanumfari ɗaya ta suɓuce mata ta faɗa cikin garwashi. Ta yi tsat, ta sake yin tsat, ƙamshi ya tashi. Ina zaune bakin ƙofa da rediyo a cinya, ban san lokacin da na miƙe na fita waje ba, ko takalmi ban saka ba. Ta biyo ni tana tambaya ko kunama ce ta harbe ni. Na ce mata babu komai, hayaƙi ne ya shiga mini ido. Duk tsawon zamanmu ta san ba na son kanumfari a shayi ko a yaji, ta ɗauka tsirfa ce irin ta maza, ni kuwa ban taɓa gaya mata dalili ba. Yau na ga gara in faɗe shi, tunda waɗanda nake jin nauyinsu duk ƙasa ta rufe musu ido, garin da abin ya faru ma yanzu sai kango da ciyawa.

Ƙauyenmu yana cikin ƙasar Bukkuyum, ba nisa da hanyar da ta haɗa Anka da Gummi. A wancan zamani ni ɗan kabu-kabu ne, saurayi mai ji da kansa, da jan babur wanda nake wankewa fiye da yadda nake wanke jikina. In na rufe ido, sautin garin ke fara zo mini: luguden mata da sassafe, tarin injin niƙa kafin ya kama, kukan jakuna a mashaya, da fiton makiyaya suna kora shanu gulbi. In yara suka ji ƙarar babur daga nesa, da gudu suke fitowa bakin hanya suna tsalle, kowa na so a ɗauke shi ko da zuwa bakin kasuwa ne. Yanzu kuwa a wannan ƙasa tamu, in aka ji ƙarar babura, uwa saɓa ɗanta take yi ta faɗa cikin dawa. Ni da na ci abinci da babur shekara da shekaru, yau gabana faɗuwa yake yi in na ji biyu sun taho tare. A da abin da ke tsayar da mu a hanya bai wuce faci da cikar gulbi ba.

A bayan gonar Babanmu akwai rugar da muka tashi muka tarar. In an gama girbi sukan shigo da shanu su ci kara su bar mana taki, babu takarda babu shaida, haka kakanni suka yi. Tsohuwar rugar, wadda kowa ke kira Dada, ƙawar Inna ce. A zaurenmu take sauke ƙwaryar nono in rana ta yi zafi, su zauna suna hira rabi Hausa rabi Fulatanci, suna dariyar abin da su kaɗai suka sani. Ɗanta shi ne Dogo. Yana da sunansa na yanka, amma ba zan kira shi ba, bakina bai cancanta ba. Tsarana ne, tare muka koyi iyo a gulbi, ya koya mini tatsa, na koya masa tuƙa babur har ya kusa shigar da mu cikin rumbun mutane. Soba yake ce mini, wato aboki a bakinsu. Siriri ne, sanda a kafaɗa, malfa a kai, ga yawan dariya, ko da akuya bai iya faɗa ba.

Tabar kanumfari Kawu ne ya kawo mana ita, ƙanin Inna. Ya yi shekaru a Jidda yana ɗinki da dako, har ranar da aka kwaso su aka dawo da su gida. Abin da ya tsira da shi buta ce, da agogon da ba ya aiki, da jaka cike da kwalayen taba. Ya kafa teburin shayi a gindin tsamiyar kasuwa. Lokacin an shigo da Shari'a, makaɗa sun rage fitowa, wasan dandali ya mutu, samari ba su da wurin zuwa sai teburin mai shayi. Ranar da ya fara kunna kara ɗaya a gabanmu, ya ɗaga hannu ya ce mu yi shiru.

"Ku saurara ku jiya," in ji shi. "Wagga ba irin taku ta ba. Can mutanen Indunusiya ka shan ta. Magana taka yi."

Ya zuƙa, muka ji tsat-tsat-tsat kamar an jefa gishiri a wuta, ƙamshi ya cika gindin tsamiya har mai tsire ya waiwayo. Daga ranar muka raina duk wata sigari da muka sani. Ba ta yawa, domin sai wani ya dawo daga can yake riƙo wa Kawu 'yan kwalaye, sau ɗaya ko biyu a shekara. Shi ya sa kara-kara yake sayarwa, kuma sai wanda ya ga dama.

Iri uku ce, rubutun jikin kwalin ba mai iya karanta shi, don haka muka raɗa musu suna da kanmu. Ta jan kwali muka ce mata Barkono. Ba ta da soso a gindi, takardarta duk ɗigon mai, tana daɗewa ba ta ƙare ba, in ka zuƙa sai ta daki maƙogwaro, harshe ya mutu kamar ba naka ba. Wanda bai saba ba sai ya yi tari har hawaye. Ta koren kwali ita ce Mai Sanyi, tana ratsa hanci kamar alewar tari, masu mura da masu son a ce 'yan birni ne su ke sayenta, mu dai muna ganin an ɓata kanumfarin ne a banza. Ta uku kwalinta ruwan ƙasa, ita ce Mai Zuma. Hayaƙinta laushi gare shi, kuma an shafa wa soson gindinta wani zaƙi da ke zama a leɓe, ko ka gama sha kana lasa kana ji. A ido ita da Mai Sanyi ba su da bambanci da sigarin da ake sayarwa ko'ina, sai an sa a baki. Gardama kuwa ba ta ƙarewa. Wani ya ce Barkono ta fi tafiya da shayi mai kauri, wani ya ce bayan tuwo babu kamar Mai Sanyi, wani ya rantse Mai Zuma ce ta fi magana in tana ci. Dattawa in sun wuce sai su girgiza kai su ce kowa da kiwon da ya karɓe shi. A hankali garin ya yarda cewa kowane saurayi da tabarsa, kamar yadda kowa da tsagen fuskarsa, ba a musanyawa.

Ni ɗan Barkono ne, ko in ce haka na nuna wa duniya. Kuma Allah ya ba ni hanci, ni kuma na mai da shi abin taƙama. Ranar kasuwa sai a ja hulata a rufe mini ido, a kunna kara a bayana, in faɗi wace ce tun kafin hayaƙi ya baje. Har guntun da aka yar jiya ake tsintowa a miƙo mini, in sunsuna, in taɓa da harshe, in ce ta wane ce. Ban taɓa kuskure ba, a yi ta tafi ana ce mini Mai Hanci, kaina yana ƙara girma. Inna ba ta son wannan wasa. Takan ce, "Kai dai bi sannu. Baki shi ka yanka wuya, kuma ba dole wuyan mai shi ba." Ni kuwa sai in yi dariya in tayar da babur.

Dogo shi ne mai Mai Zuma, shi kaɗai a idon jama'a. Kowace ranar kasuwa bayan azahar yakan zo ya jingine sanda, ya karɓi kara ɗaya tak. Ba ya taɓa shanye shi. In ya kai rabi sai ya murƙushe wutar da yatsa, ya ciro wani ɗan tsumma daga cikin malfarsa, ya ƙulle guntun a ciki. Dada tana fama da ciwon haƙori, ita yake kai wa, ta warware takardar ta tsinci kanumfarin ta danna a kogon haƙorin, ta samu barci. Na san wannan sarai, domin sau da yawa a gabana take warwarewa a zaurenmu. Amma a bainar jama'a ni ne kan gaba wajen yi masa tsiya.

"Wagga ai tabar amare ta, Dogo. Ɗan kwali da lalle kaɗai sunka rage maka."

Sai ya lashi leɓe ya yi dariya. "Soba, kowa da abin da bakinai ka so. Kai sha wuta, ni in sha zuma."

Abin da ba wanda ya sani sai Kawu shi ne, ni ma zumar nake so. Barkono tana ƙona mini ƙirji, don a ce namiji ne kawai nake daurewa. In kasuwa ta watse sai in zagaya bayan tebur, Kawu ya zura mini kara huɗu na Mai Zuma a hannu yana murmushi, in ɓoye su cikin gwangwanin da nake ajiye kayan faci a ƙarƙashin kujerar babur. Sai na yi nisa da gari, inda ba idon sani, nake kunnawa. Ƙaramar ƙarya ce irin ta samartaka, ban taɓa zaton tana da nauyin da za ta kashe ko kiyashi ba.

A farkon wata damina, ana cikin huɗa, na ɗauko wani baƙo daga bakin titi. Ba Bafulatani ba ne, ba kuma ɗan yankinmu ba, mutum ne mai ƙaramin gemu da buhu a naɗe a hammata, ya ce aikin ƙodago yake nema. Da muka iso gulbi ruwa ya ɗan taso, muka tsaya jira ya sauka, na ciro Mai Zuma na kunna. Ya ce wannan wace irin taba ce mai ƙamshin shayi? Don son a yabe ni na miƙa masa kara ɗaya, ya soke a bayan kunne ya ce sai anjima. Na sauke shi a bakin wata 'yar hanya da ke bi ta gindin kanya, inda gonakin nesa suke, na juyo abina. Da la'asar labari ya iso gari. Wani dattijo maƙwabcinmu, mai shanun huɗa biyu, ya kwance su da tsakar rana zai huta, mutane uku suka fito masa daga wajen kanyar nan. Ya riƙe igiya ya ƙi saki, suka sare shi a kafaɗa da ka, suka kora shanun. A amalanke aka kawo shi, jini ya jiƙa buhun da aka shimfiɗa masa, bai kai asibitin Bukkuyum ba ya cika. Da na ji an ambaci kanya na tuna baƙon da na sauke a can, amma na kama bakina. A lokacin 'yan banga sun yi ƙarfi, kuma ban ga laifin waɗanda suka kafa su ba, domin sata ta yi yawa, in an kai ɓarawo gaba kafin mako ka gan shi a kasuwa yana cin tsire. Sai dai hukuncinsu ba ya jira. Ba a daɗe ba da suka karya wa wani ɗan kabu-kabu na ƙauyen gaba ƙafa biyu, don an ce ya taɓa ɗaukar ɓarawo, ko ya sani ko bai sani ba.

Kwana biyu bayan jana'iza kasuwa ta ci. An yi ruwa a tsakani, ƙasa a jiƙe, gari kuma a fusace. Ina zaune kan bencin Kawu sai ga 'yan banga sun taho, su kusan goma, da gora da adda da bindigar toka, layu sun cika musu damtse. Babbansu wani mahauci ne da ake kira Mai Gora, mutum mai kaurin wuya wanda ba ya ɗaga murya. Jama'a suka biyo su har aka rufe gindin tsamiya. Ya tsaya a gabana ya buɗe ganyen kalgo, a ciki ga ɗan guntun sigari, ruwa ya dake shi, rubutun ya wanke.

"Gindin kanya munka tsince shi, inda sunka laɓe," in ji shi. "An ce kai ad da hanci. To ga aiki. Hwaɗa muna wace iri ta."

Wallahi ina iya cewa sigari ce kamar kowace, ko in ce ruwa ya ɓata ta ban gane ba, da magana ta mutu a nan. Amma idanu sun yi mini yawa, wani daga baya yana cewa, "Ku ba shi wuri, Mai Hanci na, ba shi kuskure." Na ɗauka na sunsuna, kanumfari na nan can ƙasa-ƙasa. Na taɓa soson da harshe, zaƙin bai gama wankewa ba. A ce yau hancina ya kasa a gaban duk kasuwa? Na ɗaga kai na ce, "Mai Zuma ta." Har da ƙari na yi, na ce ba ta wuce kwana uku ba. Magana zarar bunu ce. Tun kafin in rufe baki na ji sunan Dogo yana yawo cikin taro.

Mai Gora ya juya ga Kawu. "Wa ka sayen wagga wurinka?"

Kawu ya dube ni. Ban manta wannan kallo ba, bai kai ƙiftawar ido uku ba. Ya ɗauki tsumma ya shiga goge teburin da ba abin da ya zuba a kai.

"Dogo ɗai na," in ji shi.

Ba su je ruga ba, sun san zai zo da ƙafarsa. Suka zauna suka jira, wasu har shayi suka sha. Tsakanin wannan lokaci da azahar akwai sarari mai yawa, babur ɗina yana jingine taku biyar daga inda nake, rugar kuma ba ta fi tafiyar shan kara ɗaya ba. Na auna, in na tashi za a ce ina za ni, in aka bi ni aka ɗaga kujera za a ga kara biyu a gwangwani, daga nan sai tambayar ina sauran suka tafi. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Na zauna ina kallon ƙasa har aka yi salla aka fito.

Ya taho yana murmushi, sanda a kafaɗa, ya ɗaga mini hannu daga nesa. Bai kai ga tebur ba gora ta same shi a bayan gwiwa, ya durƙushe. Suka ja shi a ƙasa zuwa tsamiya, suka ɗaure hannuwansa ta baya da igiyar shanu, suka zarga ta a reshe suka ja har ya tsaya da yatsun ƙafa. Sai dorina. Kowace bulala in ta sauka sai rigar ta tsage, jini ya biyo tsagar. Suna tambayarsa ina shanu, su wa da wa, shi kuwa yana tambayarsu wane shanu. Da dorina ta gaji aka koma gora, a haƙarƙari, a ƙwauri, a gwiwar hannu. Na ji ƙarar ƙashi, irin ƙarar da busasshen kara ke yi in an taka shi. 'Ya'yan mamacin suka kutso, babban ya ɗauki dutsen murhun mai tsire ya buga masa a fuska. Mata masu nono suka watsar da ƙore suka gudu suna kururuwa, nono ya malale ya haɗu da laka. Mutanen da jiya suka sayi man shanu wurin uwarsa su ne ke cewa a ƙara masa. Da aka nuna masa guntun a ganye, sai ya fahimci abin da ake nufi, ya shiga neman fuskata cikin taro da idon da ya rage masa a buɗe.

"Soba! Soba, hwaɗa musu! Ni ba ni yad da guntu, Dada nika kai ma! Kai ka sani!"

A daidai nan wani ya kaɗe malfarsa da sanda, tsumman ya faɗo ya kwance, guntaye biyu suka zube a laka. Wannan tsumma shi ne shaidar da ta isa ta wanke shi, domin mai tara guntu ba ya yar da shi a daji. Amma wani ya tsinta ya ɗaga sama yana ihu, "Ga su nan! Iri ɗai na!" Taro ya ɗauka gaba ɗaya. Mai Gora ya ɗaga hannu aka yi shiru, ya dube ni.

"Abokinka na. Gaskiya shika hwaɗi?"

Na buɗe baki, ina jin zaƙin guntun nan har lokacin a harshena. Na ce, "Ni ba ni bin shi daji. Ban sani ba."

Dogo bai ƙara kiran sunana a wurin ba. Bai ƙara kiran kowa ba ma, sai Allah, da Fulatanci, a hankali. Suka ci gaba har hannuwansu suka gaji. Sai da Liman ya iso da kansa, ya shiga tsakani ya rungume shi yana cewa duk mai ƙara bugu ya fara da shi, sannan aka yanke igiyar. Ya zube kamar wanki. Kasuwa ta watse, kowa ya tuna yana da abin yi a gida, ba wanda ya yarda ya taɓa shi. Ni na jawo babur. Liman ya kwance rawaninsa, shi da Kawu suka ɗora mini shi a baya suka ɗaure mu tare, na kama hanyar ruga a hankali ina kauce wa ramuka. Kansa yana kan kafaɗata, ina jin jini mai ɗumi yana bin bayana yana shiga wando. Da muka wuce gonar Babanmu ya motsa, ya kawo baki kusa da kunnena.

"Soba, ka ɗauko tsumman Dada?"

Na ce na ɗauko. Ƙarya ce, yana can cikin laka an tattake shi. Kafin mu kai bukkar farko na ji nauyinsa ya sake, ya zama irin na buhu. Na ci gaba da tuƙi ina yi masa magana har ƙofar uwarsa.

Ba a yi wata guda ba aka gane shanun a wata kasuwa can gaba da Gummi, a hannun waɗansu mutane uku da ba su taɓa jin sunan rugarmu ba. An ce ɗayansu mai ƙaramin gemu ne. Da labari ya iso, Mai Gora ya ce ƙaddara ce, kwanan yaron ne ya ƙare, jama'a suka ce haka ne, kowa ya koma noma. Kawu ya kwashe sauran kwalayen ya zuba a gulbi. Ni da shi ba mu taɓa tayar da zancen ba, kuma har ya mutu in zai ba ni shayi gefe yake kallo. Ba zan ce daga ranar nan ƙasarmu ta lalace ba, ban isa in san wannan ba, kuma abin da ya zo daga baya, da haƙar zinari da gubarsa da bindigogi, ya fi ƙarfin labarin ƙauye ɗaya. Abin da na sani shi ne kafin ranar ban taɓa ganin an kashe mutum a kasuwa an koma ciniki mako mai zuwa a gindin itacen ba. Daga baya mun gani har mun daina ƙirgawa.

Rugar ta tashi a tsakiyar damina, abin da makiyayi ba ya yi sai dole. Ranar da za su tafi, da hantsi, Dada ta zo yi wa Inna sallama ta maido mata wani faifai da ta ara. Ta rame, kumatunta ɗaya ya kumbura ta ɗaure shi da ƙyalle. Suka zauna a tsakar gida kusa da turmi. Da ta gan ni ta yafito ni, na durƙusa, ta ɗora hannu a kaina.

"Duk garin ga kai ɗai kad ɗauko min ɗana," in ji ta. "Allah shi yi maka albarka. Allah shi ba ka mai ɗaukar ka."

Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Inna ta ga yadda take dafe kunci, ta tashi ta shiga laluben kayan yaji ko za ta samu kanumfari, ba ta samu ko ƙwaya ba. Ni kuwa tausayi da neman abin da zan yi mata suka rufe mini tunani. Na ruga zaure na ɗaga kujerar babur, na ciro kara biyun nan da ban iya taɓawa ba tun ranar, na kawo mata da hannu biyu. Ta karɓa ta juya su. Sannan ta ɗaga ɗaya ta taɓa soson da harshe, daidai yadda na yi a kasuwa.

"Mai zaƙin ta," in ji ta a hankali. "Dogo ya ce kai ja ɗai kaka sha. Ya ce kullum kana yi mai dariya." Ta ɗago ta dube ni. "Sun ce ɗana ɗai ka shan wagga garin ga. Tun yaushe tana wurinka?"

Ni da ban taɓa rasa amsa a kan taba ba, na durƙusa a gabanta kamar kurma. Ba ta yi kuka ba, ba ta ɗaga murya ba. Ta jera kara biyun a bakin turmi, ta goge tafin hannun da ta ɗora mini a kai da gefen zanenta, ta ce wa Inna sai wata rana, ta fita da ciwon haƙorinta. Inna ta dubi turmi, ta dube ni, ta shiga ɗaki ta saki labule.

Yanzu ina zaune a Gummi cikin gidan haya, kamar sauran waɗanda suka baro ƙauyukansu. Samarin yau ba su san tabar nan ba, abin da suke sha ya wuce taba, kuma ba su da lokacin gardama a kan ɗanɗano. Ban san inda Dada ta ƙare ba, ban san ko akwai wanda ya rage a zuriyarta da zan je in durƙusa masa ba. Haƙorana na ciki huɗu sun rube ɗaya bayan ɗaya, kowanne sai ya hana ni ci da barci na makonni kafin ya fita. Duk lokacin mai ɗakina takan zo da kanumfari a tafin hannu, ta ce in danna ƙwaya ɗaya kawai, yanzu zai lafa. Na san zai lafa, na ga yana lafawa da idona. Sai in ce ta mayar, in dafe kuncina in juya wa bango fuska.